Saniyar da ke kan allo

Litinin, 3 ga Maris, 1975

Yau Alhaji Gwadabe mai kanti ya aiko mota har Ƙofar Kaura aka ɗauke ni. Ni Sammani mai fenti, a gidan gaba! Zai fito da man shanu na gwangwani, yana son allon talla da zanen da za a manna. Wai tun da kuɗin Udoji na ƙarin albashi suka shigo matan ma'aikata ba su son tsugunno gaban ƙwarya. Ya ce, "Malam Sammani, so nike mutum ya duba ya ji ƙamshin ruga." Duk masu fentin garin nan, ni ya nema. To da wa zai nema?

Juma'a, 14 ga Maris

Na gama. Wallahi ko ni sai da na ja da baya na tsaya kallo. Ciyawa kore shar, rafi, farar saniya mai karyayyen ƙaho ɗaya, ga mace da ƙwarya a ka. Fuskar Goggo Safara'u na sa, Bafillatanar Batagarawa da ke kawo mana mai tun Inna na da rai. Saniyar ma tata ce, na san ta tun ina zuwa rugarsu. Ban tambaye ta ba, ai ɗaukaka ce. Kalaman ma nawa ne: "Man Rafi. Daga ciyawa zuwa tukunya. Babu gauraye."

Matata Rakiya ta ce ina na ga ciyawa haka bayan farin nan da ya cinye shanun mutane? Na ce a kaina. Mace da tsohon ciki, komai sai ta tanka.

Asabar, 22 ga Maris

An kafa allon bakin tasha. Sau uku na bi ta nan a kan Basfa, ba don ina da aike ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na kai sabbin zane sito. Durom-durom ne jere, da rubutun ƙasar waje, wani mai ne fari kamar kakin kyandir. Ana narka shi, a ɗiga kala, a zuba ludayi guda na man gaske don ƙamshi. Saniya dai ko kashinta ban gani ba. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ai ciyawar tana can ƙasarsu."

Ni mai fenti ne, ba mai girki ba. Kuma zanen ya fito ras a jikin gwangwani, koren bai dushe ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Goggo ta zo da ƙwaryarta cike kamar yadda ta baro gida. Rakiya ce ta gaya mini, ina shago. Wai gida-gida ana ce mata, "Ai mun sayi naki na gwangwani, ya fi araha." Wasu har tsokana, Hajiyar Kamfani, yaushe za a Makka? Shanu huɗu suka rage mata, da kuɗin man take saya musu dusa. Ta ce in damina ta yi nisa sai ta kai su kara a sayar.

Raina ya ɓaci, amma da Rakiya, don yadda ta dube ni tana faɗa. Ni na hana ruwa sauka?

Wani ɗan kwangila daga Funtuwa ya ga allon, yana nemana.

Talata, 6 ga Mayu

Alhamdu lillahi! Namiji. Rakiya lafiya lau.

Alhamis, 8 ga Mayu

Alhaji ya aiko da katan guda na Man Rafi, barka. Yaya Talatu da ta zo zaman jego ta buɗe ɗaya za ta soya wa mai jego. Sai na ji bakina ya ce, "A'a, Yaya, aje wannan." Ta ce mi ya faru, ba ga shi ka rubuta babu gauraye ba? Na ce mai jego sabo take so. Rakiya tana daga ɗaki, duk a kunnenta.

Asabar, 10 ga Mayu

Kwana biyu Goggo ba ta shigo gari ba, na ɗauki Basfa sai Batagarawa. Ƙasa fayau, ko tsinke babu. Turke uku babu komai, saniya ɗaya ta rage, ana ƙirga haƙarƙarinta. An kai sauran kara makon jiya.

Na shirya jin faɗa. Sai ta shimfiɗa mini tabarma, ta yi barka, ta tambayi mai jego da ruwan zafi. Ta ɗauko curin mai guda a ƙoƙo, shi ke nan abin da ke gidan, ta ce na jinjiri ne, in na ciro kuɗi ba ni ba ita.

Da zan tashi ta ce, "Sammani, kada ka bari su cire allon nan. Farar nan mai karyayyen ƙaho bara ta mutu a hannuna. In na shigo gari nakan aje ƙwarya in dube ta. Ka sa ta cikin ciyawa, Allah shi yi maka albarka."

Ƙura ta dame ni a ido duk hanya.

Alhamis, 15 ga Mayu

An yi suna shekaranjiya, Haruna. Katan ɗin Alhaji yana ƙarƙashin gado, ko cokali ba a ɗiba ba.

Mutumin Funtuwa ya iso shago. Man gyaɗa ne nasa, daga jirgi, yana son gona kore da manomi yana murmushi. Ya ce an gaya masa babu kamata a lardin nan. Gaskiya aka gaya masa.

Na ce koren fenti ya ƙare mini, ya leƙo wani lokaci. Gwangwani biyu na koren na nan bayan ƙofa, Allah ya sa bai gani ba.