Takalmin Ƙanƙara na Mourtala

Greensboro, Amurka
Watan Maris, 2006

Zuwa ga ƙanena Mamane, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali duka. Allah Ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ni dai alhamdu lillahi, jiki da sauƙi. Maƙwabcina Malam Dachung, mutumin Jos, shi ke riƙe da alƙalami, tunda ka san ban taɓa shiga lakwal na yi boko ba. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana.

Ɗanka Mourtala yana lafiya yanzu, amma ya sha jinya, kuma a kanta nake son mu yi magana. Ka san shi, ƙato ne, ƙafa kamar faranti. A nan lambar takalminsa sha biyar, sai a zagaye kantuna ba a samu ba. To abokan aikinsa sun koya masa wani wasa da suke ce wa siki. Ana ɗaura katakai biyu dogaye a ƙafa, a hau dutse mai ƙanƙara tun daga gindi, can inda babu hanya babu gida, in an kai ƙoli sai a zamo ƙasa. Na tambaye shi me ake samowa a saman, ya ce iska da shiru. Na ce shiru ai ga shi nan cike da gida, ni nake gadinsa kullum in ya tafi aiki.

Da ya ce zai sayi takalmin wasan, sai ya ce in raka shi. Mamane, na ji daɗin wannan magana. Tunda na zo ƙasar nan ba wanda ya nemi sanina a kan komai, ni da na yi dukanci tun ban yi gemu ba. Na sa ya taka kwali bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta buɗe, na zana ta kamar yadda Baba yake yi mana, na yanke, na sa a aljihun riga. Muka yi doguwar tafiya a mota zuwa wani kanti a gefen duwatsu.

Abin da suka fito da shi ban san ko takalmi zan kira shi ba. Roba ce mai tauri kamar bokiti, da maƙalai na ƙarfe, da wani ɗan ƙarfe a dunduniya da ake sakewa in za a hau, a kulle in za a sauka. Mai kantin, Bernard, mutum ne mai ladabi. Ya ce mai nauyi irin Mourtala sai takalmi mai tauri, kuma ya kama ƙafa tam, har yatsu su taɓa gaba in yana tsaye, sai ya lanƙwasa gwiwa su ja baya. Ya ce faɗi za a nema masa, ba tsawo ba, akwai kuma na ciki mai laushi da ake ɗumamawa ya ɗauki siffar ƙafa. Ni kuwa na ce ban taɓa sallamar mutum da takalmin da yatsa biyu ba za su shiga bayan dunduniya ba, balle mai hawan dutse da safa mai kauri. Na fito da kwalina na ɗora a kan teburinsa. Bernard ya juya shi, ya ce zane ya yi kyau, amma bai canja magana ba. Mourtala ya dube shi, ya dube ni, ya ce a ba shi babban.

Da shi ya tafi Colorado, wata jiha mai duwatsun ƙanƙara nesa da nan. Ƙafar ta riƙa yawo a ciki, dunduniya ta saluɓe tun a hawa, a saukowa kuma takalmin bai riƙe shi ba, idon sawu ya gurɗe. Abokansa ne suka jawo shi a kan ƙanƙara har bakin hanya. Ya dawo da sanduna biyu a hammata. Wallahi ko kallon banza bai yi mini ba. Ni har gobe ina cewa ƙafar ɗan Adam tana son wuri. Dachung ya ɗago kai yana kallona, na ce ya ci gaba da rubutu.

Bayan ya warke na je ɗauko buhun shinkafa a bayan mota, na tarar da sabon takalmi an rufe shi da bargo. Ya koma wurin Bernard shi kaɗai. Na sa hannu ciki, ya matse ni har wuyan hannu. Na mayar da bargon yadda na same shi.

Tun daga nan ba a neman shawarata, sai dai a sanar da ni. Makon jiya muna cin abinci ya ce ya sami aiki a Colorado ɗin, ya riga ya amsa musu, za mu tashi bayan zafi ya shigo. Ya ce akwai ɗaki mai kyau domina. Na tambaya ko akwai mai jin Hausa a can, ya ce zai bincika. A nan ko ba komai ranar Juma'a ina ganin mutanenmu a masallaci, in ba su labarin gidajen unguwar Birni ta Damagaram da na kakanninsu, wasu su saurara.

Saboda haka ina roƙonka ka sa a duba rufin ɗakina na wajen rijiya kafin damina. Ban ce zan dawo ba, kada ka faɗa wa kowa haka, Mourtala ma ban gaya masa ba. Ka dai duba rufin, in yana yoyo a gyara.

Ka gaishe mini da Hajiya Ramlatou, da Zabeirou da 'ya'yansa, da Dalila in ta zo daga Maraɗi, da duk wanda ya tambaye ni. In ka je maƙabarta ka yi wa matata Hindou, uwar Mourtala, addu'a a madadina. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka yayanka,
Hassoumi Baduku