Sarƙar Inna Mai Shuɗin Dutse

Zongo, Lome, 4 ga Maris

Yaya Tawfiq,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Ramla matarka.

An yi sadakar arba'in ɗin Inna, jama'a sun yi ta tambayarka. Ga sarƙarta mai shuɗin dutse, wadda Baba ya sayo mata a Makka, na ba maƙwabciyata Oumou ta kawo maka Kwatano. Liman ya ce a san darajarta kafin a raba gado. Na ce masa ɗan'uwana maƙerin zinariya ne, me zai kai ni wurin bare?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Safina

Kwatano, 15 ga Maris

Safina,

Wa'alaikumus salam. Saƙo ya iso.

Abin da Inna ta ɗauka tana da shi sunansa lazawardi, masu Faransanci na cewa lapis. Na gaske shuɗi ne mai duhu, da ɗigo-ɗigo kamar na zinariya, ga sanyi idan an ɗora a kumatu. Idan farar jijiya ta yi yawa a jikinsa, darajarsa ta ragu. Babban gwaji shi ne a goga masa auduga da ruwan goge jan farce. Na gaske ba ya zuba.

Na goga wa na Inna, audugar ta rine. Farin dutse ne aka yi wa rini. An cuci Baba, ko kuma ya sani ya yi shiru. Na mayar miki ta hannun Oumou. Ki bar maganar tsakaninmu, saboda mutuncinsa.

Wassalam.
Tawfiq

Zongo, 29 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa.

Kwana uku na yi ina jin haushin Baba a kabarinsa. Sai ranar Juma'a na saka sarƙar da ka mayar, kafin la'asar wuyan rigata ya yi shuɗi. Shekara talatin Inna na sa tata cikin gumin Lome, ban taɓa wanke shuɗi daga kayanta ba.

Abin da ba ka sani ba, ƙwaya ɗaya ta tsinke lokacin jinyarta, na ajiye a gwangwanin kwalli. Na hau zemijan, acaɓarmu ta nan, na kai wa Malam Abdel, mai sayar da duwatsu a unguwar Adidogome. Ya goga auduga a gabana, ta fito fara tas. Ya daɗe yana juya ƙwayar a rana, sannan ya ce, "'Yata, wannan na Afganistan ne, mai kyau. Ina sauran?"

Na karɓi ƙwayata na koma gida.

Da ka ce kana so, wallahi da na bar maka. Amma ka ɗauka, ka aiko mini da ta jabu, sannan ka ɗora wa mamaci ƙarya. Ka dawo da ita, ko ka faɗa mini gaskiya.

Allah ya bar zumunci.
Safina

Zongo, 2 ga Yuni

Yaya Tawfiq,

Salamu alaikum. Wata biyu ban ji daga gare ka ba.

Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya. An turo mini hoton suna, na ga wuyan Ramla. Sarƙar ta yi mata kyau.

Ka gaya mata kada ta fesa turare a kai, kada ruwan zafi ko lemun tsami ya taɓa shi, yana cin dutsen. Inna da busasshen ƙyalle take goge shi.

Na faɗa wa Liman an gama rabon gado. Ba sai ka zo da Sallah ba.

Safina