Mahaifina Yana Raba Ƙwayarsa Biyu Da Rezar Burodi

Malama Najat, don Allah ki taimake ni da shawara. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Tanderun gasa burodi na unguwarmu a birnin Miknas na mahaifina ne, Mu'allim Bushta, ni kuma a bakinsa na tashi. Kowane gida na aiko da kwaɓinsa a kan allon katako da alamarsa: wani shaidar yatsa uku a jikin kwaɓin, wani tsagar reza. Baba ya san alamar gida sama da sittin, bai taɓa ba wani burodin wani ba.

Shekara uku da suka wuce ya yi kwana tara bai runtsa ba. Magana ba tsayawa, ya rushe bango wai zai faɗaɗa tanderu ya ciyar da gari duka. Bayan nan ya kwanta wata huɗu, ko sallama ba ya amsawa. Likita ta ce ciwon nan ne mai ɗaga mutum sama ya kuma yar da shi ƙasa, baifola, ta sa shi a kan ƙwaya ɗaya kullum bayan isha. Gaskiya maganin ya yi. Shekara biyu ke nan muna lafiya. Mun gyara bangon, Inna ta daina ɓoye masa makullin ƙofa, ranar Juma'a muna cin kuskus a kwano ɗaya har ya yi min tsiyar rashin aure. Ban taɓa jin daɗin gidanmu kamar yanzu ba.

Sai dai ƙwayar na sa shi nauyin barci, ba ya wartsakewa sai hantsi. Ya kuma yi teɓa. Maƙwabciyarmu Lalla Batul kan ce masa, “Mu'allim, ashe kai ke cinye mana gefen burodi.” Yana dariya, amma na ga ya daina zama a bakin ƙofa. Wutar safe kuwa ni nake hurawa yanzu, alhali shekara talatin shi ke yin bisimilla ya kunna ta. Idan ya iso ya tarar tana ci, sai ya tsaya ya daɗe yana kallon itacen, ya ce na jera shi kamar mai gina kejin kaji.

Mako biyu ke nan yana riga ni zuwa tanderu. Da farko na yi murna. Sai na lura yana juya burodi tun bai nuna ba, hannunsa ba ya iya jira, kuma haka ya fara wancan karon. Lalla Batul ma ta dawo da nata ɗanye a tsakiya. Shekaranjiya na gan shi a bayan tarin itace yana raba ƙwayar biyu da rezar da muke tsaga kwaɓi. Ya ce, “Kai ɗan nan, har numfashina kake ƙirgawa? Azumi ya kusa, wa zai gasa wa mutane kayan Sallah, kai da kejin kajinka?” Daga nan ya sassauta murya ya roƙe ni kada Inna ta ji, wai bayan Sallah zai koma shan ta cikakkiya.

Ban taɓa tona wa Baba asiri ba, ban kuma taɓa ɓoye wa Inna komai ba. Wani lokaci ina cewa ko ya warke ne, tunda shekara biyu shiru. Kuma da safen nan na ji yana rera waƙa a bakin wuta, abin da na daɗe ban ji ba, ya yi min daɗi har na ji kunyar tsoron da nake yi. In yi shiru zuwa Sallah, ko in faɗa?

Ɗan mai tanderu, Miknas

Ɗana,

Kada ka jira Sallah. Idonka ya gano abin da likita za ta so ta ji tun da wuri, ka yarda da shi.

Shirun shekara biyun nan aikin maganin ne. Irin wannan ƙwaya tana kwantar da hawan ciwon sosai, tana kuma rage dawowarsa ga mutane da yawa, amma riƙe shi take yi, ba ta tumɓuke shi. Wanda ya rage ta da kansa yakan ji garau a makonnin farko, kuma wannan garau ɗin sau da yawa shi ne farkon hawan. Ga azumi na tafe da ƙarancin barci da aiki ninki biyu, lokacin da mai wannan ciwo ya fi bukatar kariya.

Amma kukan mahaifinka gaskiya ne. Nauyin barci da ƙiba sanannu ne da waɗannan magunguna, kuma akwai abin yi. Likita na iya sauya lokacin sha, ko ta daidaita yawansa, ko ta canza masa wani, ta kuma duba sukari da kitsen jininsa, ta tsara masa yadda zai sha cikin azumi. Wannan hukuncinta ne, reza ba ta da hurumi a ciki.

Kada ka fara zuwa wurin Inna a bayan idonsa. Ka same shi ku biyu, ka gaya masa ba za ka iya riƙe wannan sirri ba, ka ba shi yau da gobe ya faɗa mata da bakinsa, in ya ƙi kai ka faɗa. Ka kira asibiti yau, a gaya muku yadda zai sha kafin ku je, ku kuma je tare cikin makon nan. Ka ba likita labarin burodin Lalla Batul yadda ka ba ni. Idan ya kwana biyu bai yi barci ba, ko ya fara zancen mutuwa, a kai shi a ranar.

Sannan ka duba abin da ya fi ci masa rai. Ni a ganina wutar ce, ta fi teɓar yi masa ciwo. Ka hura ta asuba ka gasa na masu sammako, amma idan za a sake cika tanderu don gashin rana, ka ajiye itacen a ƙasa, kada ka jera, ka jira shi ya zo ya yi bisimillarsa. Waƙar da ka ji tasa ce, alamun gida sittin ɗin nan ma nasa ne, ba ciwon ne ya ba shi su ba, kuma zai iya riƙe su yana shan maganinsa.

Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya yi maka albarka, Ya sa ku gasa kayan Sallar bana tare, kowane gida ya karɓi nasa nunanne har tsakiya.

Malama Najat