Ni na toshe rariyar, maƙwabcina asirans ke bi

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karantawa. Ina gaishe ku da damina. Ni tsohuwa ce daga Dakoro, ban taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba, don haka murya na aiko, mai shafi ta mayar da ita rubutu. A ɓoye sunana. Kuma don Allah kada a yanke mini hukunci tun ba a kai ƙarshe ba. Na san halinku, ƴan waya, ana karanta mini abin da kuke rubutawa ƙarƙashin labarin mutane. Yaron da bai iya wanke wandonsa ba shi ma alƙali ne. To ku kama bakinku tukuna ku ji.

Ɗana na fari, wanda ko ba a shafi ba ba na kama sunansa, ma'aikaci ne. Da Allah ya buɗa masa sai ya rushe gidan ubansa na laka ya tada na siminti. Ni na ce ɗakina ba mai taɓa shi, yana nan a kusurwa kan tudu inda ubansu ya ɗora shi. Matarsa ungozoma ce a gidan likita, Madam ake ce mata, ni ma Madam nake ce mata tunda sunan na yi mata daɗi. Ita ta kafe sai an malale tsakar gida gaba ɗaya da siminti, wai rairayi na shigar mata ɗaki. Rairayi! A Dakoro! Na ce musu ƙasar nan shanye ruwa take, in kun rufe mata baki ina ruwan sama zai je? Suka nuna mini rami ɗaya a gindin katangar baya, suka ce ga rariya nan, an auna. To, an auna.

Ita ce kuma ta kawo maganar asirans ɗin gida, wanda ƴan Najeriya ke ce wa inshora. Wani mushe, kamar yadda muke kiran ɗan boko ma'aikaci, ya zo daga kamfanin a Maradi da takalmi mai tsini kamar bakin shamuwa, ya zauna a salo, ɗakin baƙi, yana lissafa musu masifu kamar mai tallar goro. Ni ina bakin ƙofa ina gyaran wake, ba a kira ni ba, amma kunne ba ya jiran gayya. Ya ce abin kashi biyu ne. Akwai ginin kansa: katanga, rufi, ƙofofi, tagogi, wayoyin kuran, wato lantarki, da fanfo. Akwai kuma kayan ciki: kujeru, tele, firigo, katifu, tufafi. In gobara ta ci, ko iska ta yaye kwano, ko fanfo ya fashe, ko ɓarawo ya fasa ƙofa, za su biya. Ɗana ya ce a ƙara masa da ruwan sama, aka ƙara. Na ce, “Mushe, ɓarawon da ya tarar da ƙofa a buɗe fa?” Ya ce, “A'a Hajiya, sai an ga fashi.” Na ce, “Gara in ta ci ƙofar?” Ya ce wannan tsufa ne, ba sa biyan tsufa. Na ce awakina da kajina? Ya ce dabba ba ta ciki. Ɗakina da hatsin da ke cikinsa? Ya leƙa ta taga ya yi murmushi ya ce ba a rubuta shi ba. Na ce, “Madalla. Ashe abin da ke numfashi da abin da ake ci ba dukiya ba ne, sai akwatin da ake kallon ƙattai na bin ƙwallo.” Ɗana ya ce, “Inna, don Allah.” Madam ta yi wannan dariyar tata ta cikin hanci. Na kwashe wakena na bar su suna sayen tsoro da kuɗinsu.

Bayan katangar nan akwai maƙwabcinmu, bari in kira shi Tanko, ba sunansa ba ne. Mai amalanke ne, sa ɗaya gare shi, yana ɗaukar kayan mutane ranar kasuwa. Mutum ne da bakinsa ya fi ƙarfinsa. Bara ruwan rariyarmu ya riƙa bin gindin ginin lakarsa yana ci, ya fito gaban mutanen unguwa yana kumfar baki, “Wallahi wata rana sai na toshe ramin nan, ku sha ruwanku!” Kowa ya ji. Tun daga ranar gidajen biyu sai gaisuwar nesa, har da matarsa Hajo wadda da can nake aika mata tsaki in na yi surfe.

To ga inda na shigo. Da damina ta faɗi bana na sayi ƙwan zabi wurin wata Bafillata na sa wa kazata ta kwanta a kai, kamar yadda uwata ke yi. Suka ƙyanƙyashe. Wanda ya san ɗan zabo ya san ba ya zama, rami ko na ɓera ne sai ya gwada shi. Ɗaya ya bi rariya ya fita, na biyu ya bi, na uku ya bi, kuma ina rariyar ta fita? Ƙofar gidan Tanko. Na ce a raina sun shiga tukunyar mayunwata. Na samu tsumman buhu da ɓarin tubali da ɗan kwaɓin laka, na cusa a ramin, na sa taɓarya na tura can ciki sosai don kada Madam ta gani ta yi mini wa'azin tsabta. Na ce duk ranar da na ga hadari sai in zare. Ni da ke gane ruwa tun yana gabas, wa zai koya mini?

Sai ranar suna ta zo a Korahane, jikar ƙanwata. Na fita gari tas, ko gajimare babu. Ɗana ya tafi aiki, Madam tana gidan likita, yara suna hutu wurin dangin uwarsu. Bayan azahar muna cin tuwo na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin wajen Dakoro. Na tuna. Wallahi na tuna, loma na hannuna. Waya tana cikin lalitata, kira ɗaya ne, in ce wance je ki gida ki zare abin da na cusa. Amma wa zan kira? Shi ya fita daji da aiki, ba a samunsa. Saura ita. Ni in kira Madam in ce mata na yi ɓarna a gidanta? In ba ta wannan dariyar ta ci har in mutu? Na ce ruwan zai wuce arewa, can garin Azagor zai sauka. Na ci gaba da tuwona. Wannan ita ce kunyar da ta fi ci mini rai, fiye da buhun.

Da la'asar na iso na tarar da gidan siminti ya zama tabki. Ruwa ya cika tsakar gidan da aka auna, ya rasa hanya, ya shiga salo da ɗakuna har gwiwa. Kujerun da ba a bari jikokina su hau suna iyo kamar matattun jakuna. Firigo ya kwanta, tele ta sha, katifu sun jiƙe, lefen Madam da take ajiya a akwatunan ƙasa ya zama tsumma mai launi. Wani ɓangare na katangar baya ya zube. Ɗakina na laka, wanda ba a rubuta ba, yana tsaye kan tudunsa ko ɗigo bai shiga ba. Sauran ƴan zabin da na toshe ramin dominsu kuwa, duk sun mutu cikin kwando a gindin murhu.

Ɗana ya zagaya baya da samarin unguwa, suka zaro buhun. Daga waje suka zaro shi, tunda can na tura shi kuma ruwa ya ƙara tura shi. Nan take wani ya ce, “Ai Tanko ya faɗa!” Ɗana ya juyo gare ni, wandonsa a naɗe, idonsa ja, ya ce, “Inna, ke ba abin da ke wuce ki a unguwar nan. Kin ga wani abu?” Gaskiyarsa. Ni na san wace yarinya ke tsayawa da wane yaro, na san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Maganata a unguwar nan ba a neman mata shaida. Madam tana tsaye tana matse zane tana kallona. Bakina ya buɗe na ji ina cewa, “Da safe da zan fita na gan shi tsugune wajen.”

Me na ɗauka? Na ɗauka kuɗin kamfani ne, kuɗin da ba shi da uwa ba shi da uba. Za su biya, a yi wa Tanko tsawa, ya yi rantse-rantsensa, magana ta mutu. Mai takalmin shamuwa ya dawo da wani mai ɗaukar hoto, suka auna bango, suka shinshina katifa, suka ware wannan na gini ne wannan na kayan ciki, suka ƙi biyan wata tsohuwar ƙofa wai dama ta ruɓe. Suka rubuta abin da na faɗa, ɗana ya sa hannu. Suka biya wani ɓangare na kuɗin, aka tada katanga, Madam ta kawo sababbin kujeru da suka fi na da muni. Ashe mutanen nan ba sa zubar da hatsi sai sun san kazar da za su kama. Wai in sun biya ka, sai su bi wanda ya jawo ɓarnar ya maido musu. Wa ya taɓa gaya mini wannan? A lissafin masifunsa na salo bai faɗe shi ba, ko ya faɗa da Faransanci. Aka kira Tanko wurin jandarma, yanzu magana ta kai jastis, gaban alƙali. Mutumin da duk abin da ya mallaka sa ne da amalanke da ɗakuna biyu na laka, shi zai biya firigo? Ya riga ya kai san kasuwa an taya. An ce in bai isa ba gidan za a duba. Yana ta rantsuwa, ba mai saurarensa. Wa ya aike shi yin alkawarin ɓarna gaban jama'a? Wawa ne, na faɗa na ƙara. Amma wawan bai taɓa ramin nan ba.

Da mushen ya sake zuwa na tare shi a zaure, na yi kamar tambayar tsofaffi. Na ce, “Ɗana, da a ce wani na cikin gida ne ya toshe bisa kuskure fa?” Ya ce, “Hajiya, da an faɗa tun farko, kuskuren na gida muna dubawa, sau da yawa ma ana biya, kuma ba ma bin uwar mutum. Abin da ba ma yafewa shi ne ƙarya cikin bayani. Ita tana kashe komai, har abin da aka karɓa sai an maido.” Ya gyara jakarsa ya ce, “Amma ke ai kin gani da idonki.” Na ce na gani. Kun ji? Da na yi shiru ma, da na ce ni ce, da yanzu an wuce wurin da dariyar Madam kawai. Yanzu in na buɗe baki, ɗana ne ya sa hannu kan ƙarya, shi ma'aikaci, a garin da kowa ya san kowa.

Shekaranjiya da hantsi ina tsakar gida ni kaɗai sai ga sallama. Hajo ce, matar Tanko, ta rame kamar kara, ɗauke da kwando an rufe da faifai. Na ɗaure fuska, na ce in roƙo ta zo yi ta tafi jastis. Ta durƙusa ta ce, “Inna, ba roƙo ba ne, kayanki na kawo.” Ta ɗaga faifan. Zabi uku, sun yi fiffike, sun fara zane. Ta ce, “Ta rariya suka shigo mana suna ƴan mitsi-mitsi. Na ce in na maido su a lokacin suka mutu, za a ce mu ne. Na bari su yi ƙwari. Yanzu kuwa ban san inda za mu kwana nan gaba ba, kada su bi mu.” Na ce, “To ajiye.” Ta ajiye, ta miƙe, ta kai bakin zaure, sannan ta juyo. Ta ce, “Kullum ina duba ramin ko wani zai ƙara fitowa. Tun daga na ukun ba wanda ya ƙara. Na ce wa raina, Inna ta yi dabara.” Ta sa takalminta ta fita.

Ta sani. Tun ranar ruwan ta sani, kuma ba ta gaya wa mijinta ba, don da ta gaya masa da duk Dakoro ta ji kafin magariba. Matar da nake cewa ba ta da wayon da za ta ƙulla zanenta, ita ke riƙe da mutuncina, tana kallon ana taya san mijinta. Wace irin wauta ce wannan? Ko jira take ta ga ko tsohuwar da ke ganin laifin kowa za ta ga nata?

An aiko cewa mako mai zuwa za a kira ni gaban alƙali, kuma Tanko ya ce shi bai yarda da komai ba sai na dafa Alƙur'ani. Ni da na je Makka. In na dafa, na san abin da na saya. In na ƙi, ɗana zai maido abin da ya riga ya zama katanga da kujeru, sunansa ya ɓaci a wurin aiki, ni kuma in ƙare kwanana a gidan da Madam ba ta ma buƙatar yin dariya. Kada wanda ya ce mini in yi istigfari kawai, na fi ku sanin istigfari, ba ya maido sa daga kasuwa. Kada kuma wata ƴar lakwal ta rubuto mini cewa tsofaffi sai haƙuri. Masu hankali nake tambaya, in akwai su a shafin nan. In fara gaya wa ɗana, ko in tafi wurin mushen, ko in bari sai gaban alƙali? Zabin nan uku suna tsakar gida suna ta kuka, na kasa yanka su na kasa kallonsu.

Me zan yi?