Inna, Takardarsu Ta Ce Jiga Birni Ƙauye Ne

Zuwa ga mahaifiyata Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, makon nan na sake koyar da darasin da kika taɓa yi min dariya a kansa. Na zana wa ɗalibaina na Birnin Kebbi layukan nan na ƙasashe, kowane yana nuna yadda mutane ke barin ƙauye suna cika birane shekara bayan shekara. Na Ingila ya daɗe da hawa, yana can sama a kwance. Na Sin ya yi ta jan ƙafa, sai kuma ya miƙe tsaye. Na Nijar yana tafe a hankali. Namu na Nijeriya ya riga ya wuce rabi.

Kin tuna ranar da kika zo ganin likitan ido, kika tarar da takardar a kan tabarma? Kika juya ta sama da ƙasa, kika ce wane rago ne ya ja kunya a karkace haka. Da na yi miki bayani, sai kika ce, "To in kowa ya tai birni, wa ka noma musu albasa?"

Abin da ya fi ɓata miki rai shi ne da na ce a lissafin masu takardar, garinmu Jiga Birni ƙauye ne. Kika dafa ƙirji: "Ni ɗiyar Birni ta! Ubanka na baƙauye, mutumen Katanga." Baba yana gefe yana murmushi, don shekara talatin yana shan wannan gorin.

Na yi kewar bakin nan naki, Inna. Wallahi na yi kewarsa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bello, autanki, shi kaɗai ya rage a gidan tun bayan rasuwar Baba. Ya kira ni yana neman izinin tafiya Legas. Ya ce albasar bana rabinta ta ruɓe a rudu, rumbun ajiyarta, kafin ya kai ta kasuwar Aliero, ya gaji. In ya tafi, za a sa wa gidanki kwaɗo, fadamarki ta koma hannun wani.

Na buɗe baki zan hana shi, kunya ta kama ni. Ai ni na fara barin gida. Layin da nake nuna wa 'ya'yan mutane da sanda, har da ƙafata aka ɗaga shi. Tsakanina da ke ba wata tafiya ba ce, amma sai sallah kike ganina.

Na ce masa ya je, Allah ya ba da sa'a, amma makullin ɗakinki ya aiko min da shi. Ran Litinin na kai takardar neman a mayar da ni makarantar kusa da gida. Abokan aikina suna ta tsiya, wai malamin birane zai koma ƙauye. Na ƙyale su, ba su san ki ba. Layin Nijeriya ba zai ko motsa don mutum ɗaya ba, amma ƙofarki za ta kwana a buɗe, kuma za a dasa albasa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya haɗa ki da baƙauyen mijinki a Aljanna.

Ɗanki Umaru,
mai shirin komawa Birni.