Ƙafar Hagu ta Baba

Litinin, 1 ga Satumba

Sati uku ke nan da karɓo takardar kammala karatu. Aiki bai samu ba tukuna, amma yau an ba ni wani a gida. Yaya ya bugo waya ya ce lokaci ya yi da za a sauya wa Baba mota, shi zai ɗauki nauyi, ni kuma zan zaɓo. Wai tunda na yi shekara huɗu ina karatun ƙididdiga, a ga amfaninsa. Na yi dariya a waya. Ina ajiyewa na fara tunani. In na zaɓo gawa fa?

Tsohuwa, wato motar da Baba yake hawa yanzu, ta riga ni zuwa gidan nan da wata biyar. Shekararta ashirin da uku a hannunsa.

Baba ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, mai giyar hannu. Ya ce motar da take canza wa kanta giya ta raina direba.

Laraba, 3 ga Satumba

Bari in rubuta abin da ke damuna, ko zai sake ni.

A watan Yuli ni na raka Baba asibiti. Likita ta nuna mana hoton gwiwarsa ta hagu, ta ce guringuntsin ya cinye, in ya ci gaba da wahalar da ita haka, nan da shekara ɗaya ko biyu sai dai a tuƙa shi. Da muka fito ya ce, "Uwata, wannan magana ta tsaya a nan, kada Mamanki ta ji."

Ƙafar hagu ita ce ƙafar kuloci, wanda sai an taka shi duk lokacin da za a canza giya.

Kuma Baba ba shi da shago. Motar ce shagonsa. Gyaran keken ɗinki yake yi, yana bin teloli shago-shago, akwatin kayan aiki a kujerar baya, kawunan keke a but. Shaguna talatin da ɗaya, na ƙirga a littafinsa. Ya taɓa ce min ranar da ya daina fita, ranar ya tsufa.

To ni yanzu yaya zan yi? Motar da yake so ita za ta zaunar da shi.

Asabar, 6 ga Satumba

Na bi shi fita yau, na ce zaman gida ya ishe ni. Gaskiyar magana ƙirge na je yi. Duk takawar kuloci na ja layi a bayan takarda. Daga gida zuwa layin teloli, sau ɗari biyu da goma sha huɗu. Dawowa, ɗari da tamanin da bakwai, don cunkoso ya ragu.

A danja ta uku na ga ya sa hannu ya ɗago gwiwar ya ɗora ƙafar a kan kuloci, kamar mai ɗaga kayan wani. Yana yi yana 'yar waƙarsa. Na juya kai waje.

Amma fita da Baba akwai daɗi. Kowane shago sai an tsokane shi, wai ya zo da sufeto.

Lahadi, 7 ga Satumba

Tsohuwa ta ƙi tashi. Ni da Mama muka tura, Baba yana ciki yana ba da umarni. Mama ta ce ita dai a sayo wadda ba ta buƙatar matar gida.

Talata, 9 ga Satumba

Na je garejin Kawu Sifana, aminin Baba tun suna samari. Ba ɗan'uwanmu ba ne, amma tunda na buɗe ido Kawu nake ce masa, shi kuma yake gyara Tsohuwa. Na tafi da tambayoyi goma sha biyu a rubuce. Ya kalli takardar ya tambaya ko kotu ce ta aiko ni.

Abin da na samu: mai giyar hannu ta fi sauƙin gyara, kowane makanike ya san cikinta, in batir ya mutu a tura ta tashi. Otomatik ba a tura ta, sai an kula da batir. Man giyarta in an bar shi ya ƙone, gyaran ba wasa ba ne. Tsofaffin cikinsu sun ɗan fi shan mai. Na tambaye shi da kashi nawa cikin ɗari, ya ce da kashin kaza.

Ina shirin tafiya ya goge hannu ya ce in zauna. Ya ce sau biyu ke nan bana yana buɗe kulocin Tsohuwa, kuma ba laifin motar ba ne, ƙafar da ke taka shi ce ta daina kai shi ƙasa. Na kau da kai, don na yi wa Baba alkawari. Ya ce, "Ba sai kin faɗa ba, 'yata. Ƙarfe ya riga ki."

Na dawo gida da ɗan sauƙi a ƙirji. Ashe ba ni kaɗai ba ce.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na yi wauta.

Kwana biyu na yi ina tsara jadawali, gida biyu, kowace mota da amfaninta da illarta, har da launi. Bayan an ci abincin rana na shimfiɗa shi a gaban Baba da Mama. Komai lafiya, Baba yana gyaɗa kai, har ya yaba rubutuna. Sai muka iso layin ƙarshe, inda na rubuta ɗari huɗu da ɗaya a rana. Ya tambaya na mene ne. Na faɗa.

Ya ce ashe fitar da muka yi ran Asabar ba rakiya ba ce. Ya tashi a hankali, da hannu a kan tebur, ya shiga ɗaki.

Na fara ba Mama haƙuri cewa akwai abin da ba zan iya faɗa mata ba. Ta ce, "Gwiwar? Wa kike tsammani yake dafa ruwan gashin?" Ta ce lissafina daidai ne, wurin da na baje shi ne ba daidai ba. Namiji irin Babana a ƙirga masa komai, ban da rauninsa.

A makaranta ba wanda ya koya mana wannan.

Asabar, 13 ga Satumba

Yau kwana biyu yana ce min Malama. Ba Uwata.

Litinin, 15 ga Satumba

Na same shi a tsakar gida yana wanke kan wani keke da kananzir. Na zauna na riƙe masa kwanon kusoshi. Can ya ce in miƙo masa ƙaramin sukudireba, Uwata. Saura kaɗan in zubar da kwanon.

Na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, amma nan gaba in zan ƙirga shi in sanar da shi ya gyara zama. Ya yarda mu je wurin dillali jibi. Kallo kawai, ya maimaita sau biyu.

Laraba, 17 ga Satumba

Har yanzu haƙarƙarina yana ciwo don dariya, ko da yake ranar ba ta ƙare yadda na so ba.

Mu uku muka je, da Kawu. Dillalin yana da guda biyu da suka yi mana: fara mai giyar hannu, da mai ruwan toka otomatik. Shekararsu ɗaya, tafiyar da suka yi kusan ɗaya, ta tokar ta fi da kilomita dubu shida. Kawu ya shiga ƙarƙashin kowacce, ya zaro sandar man giyar ta tokar ya shinshina, ya ce lafiyarta ƙalau. Baba kuwa farar yake ta shafawa.

Dillali ya matsa a gwada ta tokar. Baba ya shiga yana taɓe baki, Kawu a gefensa, ni da dillali a baya. Muka fita titin bayan wurin, ba kowa. Tafiya sumul. Har na ga kafaɗar Baba ta sauka. Injin ya ɗan ɗaga murya, daidai inda shekara arba'in yake canza giya, sai ƙafar hagu ta tashi da kanta ta tafi neman kuloci. Babu kuloci. Birki ta samu, ta kuwa danna shi har ƙasa.

Hular Kawu ta bugi gilashi. Dillali ya sumbaci bayan kujera. Ni takarduna suka watse ko'ina.

Sai Kawu ya ɗauki hularsa ya kaɗe ya ce, "To, birki dai mun tabbatar yana aiki."

Har dillalin sai da ya yi dariya yana riƙe da hanci. Baba ma ya yi, amma na ga kunya a idonsa. Ya fito ya miƙa makulli ya ce an gama magana, farar za a saya, shi ba zai kashe mutane a titi da tsufansa ba.

Tsoronsa gaskiya ne. Da a babban titi ne, da mota a bayanmu fa? Na roƙi dillali ya ba mu sati ɗaya.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na karanta cewa kusan duk wanda ya saba da giyar hannu yana yin wannan kuskure a farko, kuma yana wucewa. Ba wanda ya faɗi kwana nawa. Na tsani a ce min "ba da daɗewa ba".

Asabar, 20 ga Satumba

Na sake bin shi fita. Na nuna masa hannuna, ba biro ba takarda.

Shago na huɗu na wani tsohon tela ne, kansa fari fat, bakinsa ba ya hutawa. Labarin birki ya riga mu isa, aikin Kawu ne ba shakka. Tsohon ya yi ta dariya har da tari, sannan ya juyo wurina ya ce in tambayi Babana wa ya hana shi sakat shekara guda cur sai da ya yarda aka ɗaura wa kekensa injin lantarki. Ya ce lokacin ƙafafunsa sun kumbura da taka keke, amma ya rantse ɗinkin wuta ba ɗinki ba ne. Baba ya zo ya ɗaura. Sati biyu ƙafafunsa suna taka iska a ƙarƙashin tebur, har ya ɓata rigunan mutane biyu.

"Ka tuna abin da ka yi min? Ka cire min takalma ka ɗora ƙafar a kan gwangwanin mai, ka ce ta zauna nan ta yi kallo."

Baba ya ce bai tuna ba. Ya ce keken yana buƙatar sabon bel. Tsohon ya ce shekara tara ke nan, da ya biye wa taurin kansa da yanzu yana gida yana korar kaji.

A hanyar dawowa Baba bai yi waƙa ba. Ni ma na kama bakina, da ƙyar.

Litinin, 22 ga Satumba

Da safe ina shara ya ce in kira dillalin nan in tambaya ko hancinsa ya warke. In ya warke, a sake fito da ta tokar.

Filin ƙwallon da ke bayan gareji muka je. Baba da kansa ya cire takalmin hagu ya miƙo min ta taga, ya naɗe ƙafar baya can ƙarƙashin kujera. Kawu ya cire hularsa ya rungume. Zagaye goma sha ɗaya. Ƙafar ta zabura sau uku, ba ta kai birki ba ko sau ɗaya.

Ina tsaye a rana riƙe da takalmi ɗaya ina murmushi kamar wata sakarya.

Juma'a, 26 ga Satumba

An sayo. Mai ruwan toka.

Mama ta zagaya ta sau biyu, ta tambaya da gaske ba a tura ta. Yaya ya sa na nuna masa ita ta waya ciki da waje. Kawu ya tafi da Tsohuwa garejinsa, ya ce ba zai bari a yanka ta ba. Baba ya raka ta har bakin titi.

Na rubuta ranar canjin man giya a kwali na manna cikin akwatin gaba. Da ranar da aka sa batir.

Talata, 30 ga Satumba

Kullum ina gaba kusa da shi, idona a ƙasa. Jiya ƙafar ta motsa sau tara. Yau huɗu. Hannunsa na dama kuma har yanzu yana zuwa kan giya ya dawo ba abin yi, sai ya ƙare a kan rediyo. Mun ji tasha shida kafin mu kai layin teloli.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Sau ɗaya, shi ma wani mai babur ne ya gitta. Ya mayar da takalminsa. Da muka dawo ya fito daga mota bai dafa ƙofa ba. Mama ta gani ta taga, ta kalle ni.

Ya ce motar ba laifi, sai dai ba ta da hira.

Litinin, 6 ga Oktoba

An kira ni jarrabawar ɗaukar aiki, gobe ƙarfe tara. Tun safe nake kan littattafai.

Wajen la'asar na ji muryar Baba a tsakar gida yana ba Mama labarin wani tela da ya zuba man girki a kekensa. Na fito na tambaye shi yaushe za mu fita. Suka kalli juna. Ashe dawowarsa ke nan. Shago bakwai, shi kaɗai.

Ban san ƙarfe nawa ya fita ba. Karatu ne ya ɗauke min hankali, ba wani abu ba.

Ya ce gobe shi zai kai ni. Na ce to, amma a baya zan zauna, akwai babi biyu da ban gama ba.