Masarar da Ban Ciza Ba

Turawa, daren Laraba, 14 ga Nuwamba, 1990

Yau na buɗe buhunan masara, uku sun yi fumfuna. Ni na jawo. Mai shirin noma a rediyo ya faɗi kwanakin shanya, na ƙirga su cif, na ɗinke buhu ina ji da kaina.

Inna ta damƙa ta shinshina, ta ce, "Kai Isiyaku, akwatin nan naka haƙora gare shi?"

Sai na tuna Baba, Allah ya jiƙansa. Hatsi ba ya shiga rumbu sai ya ciza, ya miƙo mini na ciza. In ƙwaya ba ta ce ƙas ba, a mayar rana. Haushinsa nake ji lokacin.

Ɗazu na ciji ƙwaya ɗaya. Babu wanda zan tambaya ko ta yi.